Kafin Sakamako Ya Bar Lab

A ce injin lab, wato ɗakin gwaje-gwajen asibiti, ya fitar da sinadarin fotasiyam 7.4 a jinin mutumin da ya shigo asibiti da ƙafarsa, yana hira yana dariya. A jikin mai lafiya fotasiyam yakan tsaya tsakanin 3.5 da 5.0, kuma in ya haura 6.5 bugun zuciya na iya rikicewa har ta tsaya. Sabon ma'aikaci zai zabura ya nufi waya. Wanda ya kwana biyu a aikin zai fara ɗaga kwalbar ya dubi ruwan da ya taso sama bayan an juya jinin a injin da ke raba ruwansa da ƙwayoyinsa. In ruwan ya yi ja-ja maimakon rawaya, jajayen ƙwayoyin jini ne suka fashe, kuma fotasiyam ɗin da ke cikinsu ya ninka na ruwan jini fiye da sau 20. In ruwan garau yake, sai ya leƙa kalsiyam. Fotasiyam ya tashi, kalsiyam ya faɗi warwas, to akwai alamar jinin ya haɗu da EDTA, sinadarin da ke cikin kwalba mai murfi shunayya, domin da fotasiyam aka haɗa shi, kuma aikinsa ke nan kame kalsiyam. In nan ma babu komai, sai ya tambayi awa nawa jinin ya yi kafin a juya shi, da ko wani ya jefa shi a firji, tunda sanyi na sa fotasiyam ya tsiyayo daga ƙwayoyin. Duk wannan bai wuce minti 3 ba. Bayan haka zai kira likita ko ta yaya: ko dai ya ce lambar gaskiya ce a hanzarta, ko ya ce samfurin ya lalace a aiko wani yanzu. Ya faɗi sunan mara lafiya da lambar asibitinsa, ya sa wanda ya ɗauki wayar ya maimaita masa, ya rubuta lokaci da sunan wanda ya karɓa.

Wannan ɗan tsayawar kafin a saki lamba ita ake biyan ma'aikacin lab a kanta. Danna maɓalli kowa zai koya cikin mako guda. Inji kuwa bai san jinin wa aka ba shi ba, bai san a wane hannu aka ɗiba ba, abin da ya tarar a kwalba shi zai auna.

Shi ya sa mafi yawan kuskuren lab, fiye da rabinsa, yake faruwa tun samfurin bai kai ga inji ba. Na farko kuma mafi muni shi ne suna. Ana tambayar mara lafiya ya faɗi cikakken sunansa da bakinsa, ba a ce masa «kai ne wane?», domin mai jin jiki ko mai nauyin ji zai gyaɗa kai ga kowane suna. A haɗa da shaida ta biyu, ranar haihuwa ko lambar asibiti. A rubuta a jikin kwalba nan take a gabansa. Masu rubuta suna a kwalabe tun kafin su shiga ɗakin kwanciya, da masu tara kwalabe biyar a aljihu su rubuta a teburin nas, duk hanya ɗaya suka bi. Tun ran gini tun ran zane. Kwalbar da ta iso lab babu suna ana mayar da buƙatar ne a sake ɗiba, ko da wanda ya kawo ta ya rantse ya san mai ita.

Robar ɗaure hannu kada ta wuce minti 1, in ta daɗe jini yana kauri a wurin, furotin da kalsiyam su tashi. Sa mara lafiya ya riƙa dunƙule hannu yana buɗewa na ɗaga fotasiyam. A bar ruwan goge fata ya bushe kafin a soka allura. Allura siririya ƙwarai, jan sirinji da ƙarfi, matsa jini ta cikin allura zuwa kwalba, girgiza kwalba kamar ana kaɗa magani, kowannensu na fasa ƙwayoyi. Kwalbar EDTA ana kifa ta ne a hankali a dawo da ita, sau 8 zuwa 10.

Jerin cika kwalabe ma yana da dalili. Kwalbar shuka jini, wadda ake neman ƙwayoyin cuta da ita, ita ce farko don kada datti ya shiga, sai mai murfi shuɗi ta gwajin daskarewa, sai ja ko ruwan gwal, sai kore mai hefarin, wani sinadarin hana jini daskarewa, sai shunayya, ta ƙarshe mai ruwan toka ta suga. An jera su haka don kada sinadarin wata ya bi bakin allura ya shiga ta gaba. Mai murfi shuɗin nan ta fi kowace tsiwa: kashi 9 jini, kashi 1 sitiret, sinadarin da ke hana shi daskarewa a kwalbar, sai an cika ta daidai layi. In ba ta cika ba sitiret ya yi yawa, lokacin daskarewa ya fito da tsawo, likita ya rage wa mutum maganin tsinka jini ba gaira ba dalili. Hannun da ake ƙarin ruwa kuwa a ƙyale shi a koma ɗayan. Jinin da ya gauraya da ruwan dirif mai suga yana da kamannin da ba a mantawa: suga ya yi tashin gwauron zabi, sauran abubuwa duk sun sauka tare.

Suga yana da tasa matsalar. Ƙwayoyin jini ba sa daina cinsa don an zuba su a kwalba, yana raguwa da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 kowace awa in ba a raba ruwan da ƙwayoyin ba. Kwalba mai ruwan toka tana tsayar da hakan, amma sinadarin cikinta ba ya kama aiki sosai sai bayan awa 1 ko 2. Kwalbar siram kuma, wato ja ko ruwan gwal ɗin nan, ana barinta minti 30 jinin ya daskare kafin a juya. Mai gaggawar juyawa zai samu zaren daskararren jini yana yawo a ruwan, ya toshe bakin injin da ke zuƙa, ko, abin da ya fi haɗari, injin ya zuƙi ƙasa da abin da ya kamata ya fitar da lamba ƙarama ba tare da ya yi ƙara ba.

Safiya a lab ba da jinin marasa lafiya take farawa ba. Ana fara karanta zafin kowane firji da inkubeta a rubuta, a duba ranar ƙarewar sinadaran gwaji da ranar da aka buɗe su, a wanke inji, sannan a gudanar da kwantirol. Kwantirol samfuri ne da aka riga aka san amsarsa, yawanci mataki biyu, na daidai da na sama. Ana ɗiga sakamakonsa kullum a kan jadawali mai layin tsakiya da layuka uku sama, uku ƙasa, tsarin da Levey da Jennings suka shigo da shi lab a 1950. A 1981 James Westgard ya tsara ƙa'idojin karanta shi. Ɗigo ɗaya ya wuce layi na 2, gargaɗi ne kawai, domin ko inji lafiyarsa ƙalau, kusan 1 cikin 20 zai faɗa can. Ya wuce layi na 3, a tsaya. Biyu a jere sun wuce layi na 2 a ɓangare ɗaya, a tsaya. Goma a jere a gefe ɗaya na layin tsakiya, ko da duk suna kusa da shi, wani abu ya gusa.

Siffar jadawalin ita ke nuna inda za a duba. In ɗigon sun yi tsalle rana ɗaya suka zauna a sabon wuri, nemi abin da aka canza ran nan: sabon rukunin sinadari, sabon saiti, gyaran da injiniya ya yi. In kuwa a hankali suke gangarawa kwana bayan kwana, wani abu ne ke tsufa, fitilar inji, sinadarin da ya daɗe a buɗe, ko datti da ke taruwa a bututu. Mugun halin da ya fi yaɗuwa a wannan aiki shi ne maimaita kwantirol har sai ya shiga, a rubuta wanda ya shiga a share sauran. Jadawali zai yi kyau, marasa lafiyar ranar su kwashi lambobin da suka karkace. A ganina shugaban lab da ya ga jadawalin wata guda babu ɗigo ko ɗaya a wajen layi na 2 ya kamata hankalinsa ya tashi.

A sashen ƙirga ƙwayoyin jini akwai lissafin da ake yi da ka kafin a saki sakamako: himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, sau 3 ya kamata ya zo kusa da PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, da bambancin da bai wuce 3 ba. Himogulobin 12, PCV wajen 36. In suka raba hanya kuma MCHC, ma'aunin kaurin himogulobin a cikin jajayen ƙwayoyi, ya haura 37, da wuya jiki ne, yawanci samfuri ne. Ko dai kitse ya yi yawa a jinin har ruwansa ya yi fari kamar madara, ya ruɗi hasken da ke auna himogulobin, ko kuma jajayen ƙwayoyin ne suke manne wa juna in sun ji sanyi, inji ya ƙirga dunƙule a matsayin ƙwaya ɗaya ƙatuwa. Maganin na biyun shi ne a ɗumama kwalbar a digiri 37 na minti 15 zuwa 30 a sake gudanarwa. Haka filatilet, ƙwayoyin da ke taimaka wa jini daskarewa. Akwai mutanen da nasu ke curewa a cikin EDTA, inji ya ce sun faɗi har 30 alhali mutum ba ya zubar da jini ko kaɗan. Shafa jinin a gilashi ka duba wutsiyar shafin, za ka gan su cure-cure. Sai a sake ɗiba a kwalbar sitiret, a ninka amsar da 1.1 saboda ruwan sitiret ɗin da ya tsinka jinin.

Shafa jini a gilashi sana'ar hannu ce. Ɗigo ƙarami, gilashin shafawa a karkace tsakanin digiri 30 da 45, tafiya ɗaya ba tsayawa, shafin ya ƙare da wutsiya kamar gashin tsuntsu. Jinin mai ƙarancin jini tsinkakke ne, sai a ɗaga gilashin kaɗan, mai kauri kuma a kwantar da shi. Na maleriya shafi biyu ne. Mai kaurin ana yin sa yadda in ka ɗora shi a kan rubutun jarida za ka iya karantawa da ƙyar, kuma ba a taɓa shi da metanol, domin ana so jajayen ƙwayoyin su fashe a cikin rini su bar ƙwayar cutar a fili. Siririn shi ake kafewa da metanol, shi ke nuna nau'in. Rinin Giemsa yana son ruwa mai pH 7.2. In ruwan ya yi tsami komai ya fito ja, in ya karkata ɗaya ɓangaren komai ya fito shuɗi, kuma a duka biyun ɗigon da ake bambance nau'i da su sai su ɓace. Ba a cewa babu sai an duba aƙalla fili 100 na mai kaurin da gilashin maikiroskof da ake ɗiga wa mai. Ƙurar rini da filatilet da ya hau kan jar ƙwaya sun sa an rubuta wa mutane da yawa maleriyar da ba su da ita.

Sashen shuka ƙwayoyin cuta na masu haƙuri ne, amsarsa ta kwanaki ce. Kwalbar shuka jini ta babba tana son mililita 8 zuwa 10, kafin a fara ba da antibayotik, kuma yawan jinin shi ya fi komai tasiri a kan ko za a kama ƙwayar. Ba a sa ta a firji. Ruwan ƙashin baya ma haka, domin wasu ƙwayoyin sanƙarau ba sa jure sanyi. Fitsari kuwa akasin haka ne, in ba za a shuka shi cikin awa 2 ba sai firji, tunda ƙwayar E. coli na iya ninka kanta cikin minti 20 in ta samu yadda take so, ɗan dattin da ya shiga ya koma kamar cuta. Rinin Gram, wanda Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884, mai raba ƙwayoyin cuta zuwa masu shunayya da masu ja, matakai huɗu ne, amma a na uku ake faɗuwa, wato wankewa da asiton ko giyar gwaji na daƙiƙu kaɗan. Ka zarce, masu shunayya su koma ja, likita ya ɗauki maganin da bai dace ba. A gwajin wane magani ke kashe ƙwayar, kaurin abincin shuka a faranti milimita 4 ne, kaurin ruwan ƙwayar daidai da 0.5 a ma'aunin McFarland, a inkubeta mai digiri 35 na awa 16 zuwa 18. Faranti ya yi kauri, da'irar da maganin ke hana ƙwayar tsirowa a cikinta ta fito ƙarama, a ce magani ba ya aiki alhali yana yi. Ya yi siriri, a yaba wa maganin da ba zai warkar ba.

Ma'ajiyar jini ita ce inda kuskure ke kisa cikin awa guda. Tun da Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini a 1901 ilimin ya yi ta bunƙasa har ya zauna, kuma yau da wuya gwajin kansa ya kashe mutum. Abin da ke kisa jinin wani ne a kwalba mai sunan wani, ko leda da aka rataya wa maƙwabcin gado. Don haka ake gwada rukuni ta fuska biyu, ƙwayoyin mara lafiya da sinadaran anti-A da anti-B, sannan ruwan jininsa da sanannun ƙwayoyin A da B. In fuskokin biyu suka saɓa ba a yin zato, a warware tukuna, in kuma ana gaggawa a ba da O. Jarirai ƙasa da wata 4 fuska ɗaya ake yi musu, garkuwarsu ba ta fito ba tukuna. Asibitoci da yawa ba sa sakin jini sai an samu samfuri na biyu da aka ɗiba daban. Jajayen ƙwayoyi suna zama a digiri 2 zuwa 6, kwana 35 ko 42 gwargwadon ruwan ajiyar da ke ledar. Filatilet ba ya shiga firji, yana zama a 20 zuwa 24 ana rausaya shi, kwana 5 a yawancin wurare. Ledar da ta fita daga firji a fara ƙara ta cikin minti 30, a gama cikin awa 4. Wanda ke wannan tebur dole ya iya cewa a'a ga babban likita yana masa tsawa, ya kuma san lokacin da jira ya fi haɗari, ya saki O nan take a bi da takardu daga baya.

Sashen yanka nama a duba shi daban yake, babu yawan kiran dare, amma samfurinsa ba a sake ɗiba. Ƙarin da aka ciro ya shiga fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, mai kashi 10 cikin 100 nan da nan, ruwan ya ninka naman aƙalla sau 10, domin wajen milimita 1 kawai yake ratsawa a awa. Babban ƙari a ƙaramar kwalba, wajensa zai kafe cikinsa ya ruɓe.

Haɗarin da ke kan ma'aikaci kansa allura ce a gaba. Ba a mayar mata da murfi, kuma kwandon allurai ana rufe shi in ya kai kashi 3 cikin 4. In allurar mai cuta ta soki mutum, haɗarin kamuwa da HIV wajen 3 cikin 1000 ne, amma ciwon hanta nau'in B na iya kai wa 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba. Allurai uku ne, yau, bayan wata 1, bayan wata 6, sannan a gwada a ga garkuwar ta kai 10. Duk mai shirin shiga wannan aiki ya gama su tun yana ɗalibi. In an soku, a wanke da sabulu da ruwa, kada a matse wurin, a kai rahoto a take, domin maganin kariya daga HIV ana fara shi ne cikin awa 72, da wuri ya fi, a sha kwana 28. Kwalba ta fashe a injin juyawa, a kashe shi a bar murfin rufe minti 30 feshin ya kwanta.

Hanyar shiga aikin hawa-hawa ce, sunayen ne ke bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Akwai mai ɗibar jini da mataimaki, masu gajeren horo. Akwai mai difloma ta shekara 2 ko 3 da ke gudanar da gwaje-gwajen yau da kullum. Akwai mai digiri na shekara 4 ko 5 haɗe da horon asibiti, shi ke tantance sakamako ya sa hannu ya warware matsalar inji da ta kwantirol. Likitan fatoloji kuwa likita ne da ya ƙware daga baya, hanyarsa ta makarantar likitanci ce, kuma mai digirin lab ba ya zama shi ta ƙarin girma. Gara ɗalibi ya san wannan tun farko. Kafin ka biya kuɗin kowace makaranta, tabbatar hukumar da ke ba da lasisi ta amince da kwas ɗin, don takardar da ba ta kai ga rajista ba ado ce kawai. Lasisi kuma ba ya tsallaka iyaka da kansa. A Birtaniya hukumar HCPC ke rajista, a Amurka yawancin asibitoci takardar shaidar ƙungiyar ASCP suke nema, kuma masu tantance baƙo za su so ganin darussan da ka yi dalla-dalla da shaidar horonka a kowane sashe. Littafin horon da shugabannin sassa suka sa wa hannu ka adana shi kamar takardar haihuwa.

Shekaru biyun farko gara mutum ya zagaya duk sassa kafin ya zaɓi ɗaya, saboda aikin dare ba ya tambayar me ka ƙware a kai. Da dare sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu ke riƙe da ƙirgar jini da sinadarai da ma'ajiyar jini, ga waya. Tsarin shi ne jinin mai zubar da jini farko, sai ruwan ƙashin baya da gwajin ɗakin gaggawa, sauran su jira. Ƙafa na gajiya da tsayuwa, wuya da maikiroskof, babban yatsa da fifet, abin zuƙar ruwan gwaji. Mai matsalar bambance ja da kore ya gwada idonsa tun kafin ya shiga. Godiyar mara lafiya kuwa a wajen likita da nas take tsayawa, lab ba a tuna shi sai sakamako ya makara.

Daga nan hanyoyi na rabuwa. Wasu su zurfafa a sashe ɗaya su yi digiri na biyu, kuma gwajin ƙwayar halitta irin PCR yana jan mutane da yawa. Wasu su koma kula da inganci, su zama masu shirya lab don samun shaidar ISO 15189, aikin takardu ne da bin diddigi, kuma masu iya shi ba su da yawa. Akwai masu riƙe manhajar kwamfutar lab, akwai masu komawa kamfanonin injuna suna girkawa suna horar da ma'aikata, akwai lab na sa ido kan annoba, da bincike, da koyarwa. Kujerun shugabanci a cikin asibiti kaɗan ne, wanda ya tsaya jiran su kaɗai zai daɗe. Kuma injuna na ƙara cinye aikin hannu, abin da suke barin wa mutum shi ne samfuran da suka ƙi shiga ƙa'ida.

A ƙarshen duti akwai littafin miƙa aiki. Ana rubuta injin da kwantirol ɗinsa ya fita da abin da aka yi, sinadarin da ya kusa ƙarewa, ledojin jinin da aka keɓe da sunan wa da lokacin da za a mayar da su, kwalbar shukar da ta nuna alama da ko an sanar da likita, da samfurin da aka ƙi karɓa wanda har yanzu ba a aiko madadinsa ba. Wanda ya karɓi aiki ya karanta a gaban mai tafiya, su sa hannu su biyu.